Nata'ala Mai Kalangu da Ƙahonin Jami'a

Nata'ala mai kalangu maƙwabcina ne a Kilomita Biyar, ta wajen da unguwarmu ta haɗu da Yakite. Shingen kwano ne kawai tsakanin gidana da nasa. Ni baduku ne, ina ɗinkin takalma da kuben wuƙa, kuma ni nake ɗaure masa fata idan ta kalangunsa ta fashe. Abin da zan faɗa a nan, ko dai na gani da idona, ko shi ya gaya mini da bakinsa.

A nan Bangui aka haife shi. Ubansa ya biyo fataken shanu daga Damagaram da kalangu a hammata, ya zauna yana yi wa mahautan kasuwa kiɗa. Haka abin yake a wurinmu, kalangu na mahauta ne, makaɗinsu kuma nasu ne, ba ya yi wa maƙera, ba ya yi wa masu kanti. Kowane mahauci da takensa, wato ɗan kiɗan da in an buga ya san shi ake kira. Da safe idan an rataye nama, sai makaɗi ya bi rumfa-rumfa yana kiran kowa. Mai taken ya ɗaga wuƙa sama ya amsa, ya yanko tsoka ya jefa masa a jaka. Wannan aikin Nata'ala ya gada, kuma da shi ya yi aure, ya yi ɗaki biyu, ya aurar da 'yarsa Hanifa can Bertoua a Kamaru.

To, tsofaffin mahautan suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yansu da suka karɓi wuƙaƙen, Sango, yaren ƙasar nan, shi ne a bakinsu, Hausar tasu ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba. Kalangu kuwa Hausa yake yi. Sai ka ga Nata'ala ya tsaya gaban rumfa yana ambaton uban yaro da kakansa, yaron kuwa yana kaɗa kai ga kiɗan Zayar da ke fitowa daga rediyo. Ba su hana shi nama ba, suna ba shi kamar yadda ake ba tsoho sadaka. Ya taɓa ce mini, "Idi, yau ma na yi ta magana ni kaɗai a kasuwa, an kuma biya ni." Matarsa Kubura ta riga ta rasu a lokacin. Idan ya dawo sai ya dafa namansa da kansa, ya miƙo mini nawa ta saman shinge.

Kamar shekara biyu kafin boren sojoji na 1996, wata safiya na kai wa Sarkin Pawa Mahmudu kuben da ya sa ni, sai ga wani mutum da kwat da tabarau ya zo sayen nama. Ya ji kalangu, ya manta da naman, ya tsaya. Da Sango ya yi magana.

"Baba, wannan gangar magana take yi?"

"Tana yi."

"Yanzu me ta ce?"

Nata'ala ya matsa tsarkiya ya ɗan buga, sannan ya ce, "Ta ce ga wani mai kwat ya tare wa masu saye hanya."

Rumfa ta ɗauki dariya, mutumin ya fi kowa. Ya ce sunansa Gonda, malami ne a jami'a, shi ke riƙe da ɗan sashen da ake koyon kiɗa da waƙa. Yana so Nata'ala ya riƙa zuwa yana koya wa ɗalibai kalangu.

Sarkin Pawa ya ajiye wuƙa. "Jami'a? Nata'ala, kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa? Ka ji da kyau dai, kada shara ce za a ba ka."

"Ranka ya daɗe, kai ma da babban yatsa kake sa hannu, ga ka Sarki."

Malam Gonda ya ce akwai sharaɗi ɗaya. A wurinsu duk wanda ya koyar sai ya zauna an koya masa, kuma ba abin da ya riga ya iya ba. Nata'ala ya ce shi gemunsa ya yi fari, me zai koya? Malamin ya ce, "Zo ka zaɓa."

Ya je. Ranar farko riga ta Juma'a ya sa, ya shiga taksi da kalangunsa a cinya. Daga nan duk ranar da ya je, idan ya dawo da la'asar sai ya zauna a bencina ya ba ni labari, ni ina ɗinki. Ban taɓa jin yana da magana haka ba.

Ya ce wurin dogon ɗaki ne a bayan manyan gine-ginen, kuma tsarin Malam Gonda ba irin namu ba ne. Mai garayar Turawa dole ya rataya kalangu. Mai waƙar coci dole ya je wurin masassaƙi ya ga yadda ake rarake ice. Akwai masu karatun likita da masu karatun shari'a da suke shigowa su zauna tare da su. Wata malama takan zo da doguwar igiya, ta ɗaura a taga ta riƙa girgiza ta, wai haka sauti yake tafiya a iska. Wani ɗalibin likita ya kawo hoton cikin ƙirjin mutum ya nuna musu inda numfashi yake zama. Ranar tarihi kuwa Nata'ala aka sa a gaba, aka ce ya faɗi hanyar da ubansa ya bi daga Damagaram, garuruwan da suka yi zango da irin kiɗan kowane gari. Ya ce, "Idi, suna rubutawa! Abin da Baba yake faɗa muna gyangyaɗi, shi suke rubutawa." Sun so su koya masa alamomin da ake rubuta kiɗa da su, ya ce musu kama suke da tururuwa a kan waya, har ya bari bai gane su ba. Malam Gonda bai matsa masa ba.

Abin da ya zaɓa ya koya, ƙaho ne. A jikin bangon ɗakin an rataye ƙahonin busa irin na ƙabilar Banda, sun fi goma. Ƙananan na ƙahon dabbar daji ne, manyan kuma na saiwar itace ne da gara ta cinye cikinta, aka gyara aka huda gefe. Ya tambaya aka ce masa kowane ƙaho murya ɗaya tak yake da ita. Ya ce a ransa wannan ai shi ne sauƙi, murya ɗaya wa za ta gagara? Ya ɗauko wani babba, tsawonsa daga ƙasa har ƙirjinsa.

Ashe nan wahalar take. Waƙar ba ta cikin ƙaho ko ɗaya. Ana tsayawa ne a kewaye, ƙarami ya fara, na kusa da shi ya sa tasa muryar a ɗan gurbin da ya bari, na gaba ma haka, har zuwa manyan. Sai dukansu sun shiga sannan waƙar take fitowa, kamar dai mutane da yawa suna faɗin magana ɗaya, kowa da gaɓar da aka ba shi. Nata'ala kuwa tun yana yaro shi kaɗai yake tsayawa, kalangunsa ya hau ya sauka yadda ya ga dama. Sai ya riƙa son lanƙwasa muryar ƙahon, ƙahon ya ƙi. Leɓensa ya kumbura, kansa ya riƙa juyawa. Na gan shi yana shan kunu da cokali kamar mai ciwon haƙori.

Na kusa da shi a layin wani ɗalibin lissafi ne mai suna Samplis, daga unguwar Petebo, can kudu wajen kogi. Muryar Samplis ce take zuwa kafin tasa. Kullum yana ce masa, "Yeke yeke, Baba," wato a hankali. "Kada ka nemi waƙar. Ni kawai za ka saurara. In na sauke, ka ɗauka." Idan an tashi sai su juya, Samplis ya rataya kalangu, Nata'ala ya rama. "Haka ake riƙe makaɗi? Kamar mai tuƙa tuwo? Ɗana, lissafin naka a nan ya tsaya?"

Ranar da abin ya fara yi masa daidai, ya dawo bai zauna a benci ba, ya tsaya a kaina. Ya ce, "Idi, na ji ta. Ba daga gaba take zuwa ba kamar yadda mai sauraro yake ji. Kewaye ka take yi, ta bi ta kanka ta wuce, ta dawo. Kuma in na yi shiru sai ka ji rami a cikinta. Ni! Rami!" Ya yi ta dariya shi kaɗai. Na daɗe ban ga haƙoransa duka ba.

Sarkin Pawa bai ji daɗi ba da labari ya kai masa. Ya ce koyarwa dai ya yarda, amma makaɗin mahauta da ƙahon mutanen daji a baki, wannan ubansa bai yi ba. Samarin kuwa suka samu abin tsokana. Wani ƙaton mahauci mai suna Ɗantala, duk ya hango shi sai ya kumbura kumatu ya ce, "Farfesa ya iso! A ba Farfesa hanta!" Nata'ala bai fasa zuwa kasuwa da safe ba, bai kuma fasa zuwa jami'a ba.

Sai shekarar 1996 ta zo. Sojoji suka yi bore a kan albashi, aka lallaɓa, suka sake yi, wannan karon aka fasa kantuna da ofisoshi a cikin gari. Da abin ya ɗan lafa, Malam Gonda ya tara su ya sauke ƙahonin daga bango. Ya ce idan aka bar su wuri ɗaya, rana ɗaya za a rasa su duka, kowa ya tafi da nasa gida ya riƙe, in an zauna lafiya a dawo da su. Nata'ala ya naɗe nasa a tabarma ya kawo.

Ƙarshen shekarar aka yi bore na uku, wanda ya daɗe. Gari ya rabu biyu. Unguwannin kudu na hannun masu bore, na arewa na hannun gwamnati, ko'ina shingaye, ana tambayar mutum ƙabilarsa kafin sunansa. Mu a Kilomita Biyar muna tsakiya, muna jin harbi ta dama da hagu. Jami'a a rufe. Daga gida sai Masallacin Kuduku, daga masallaci sai gida.

A cikin wannan zaman ne na fara jin abin ta bayan shinge. Bayan la'asar sai in ji shiru, sai ƙafa tana ɗan buga ƙasa, sai "buu" sau ɗaya. Shiru kuma, ƙafa, "buu, buu." Na leƙa. Yana tsaye a tsakar gida, ya ɗan karkata kunne hagu, wajen da Samplis yake tsayawa. Yana jiran muryar da babu, ya sa tasa a bayanta. Na ce masa, "Wannan wace irin waƙa ce?" Ya ce, "Ba waƙa ba ce, wurina ne. Ina tsoron kada in manta inda nake shiga."

Mutane ba su jure ba. A lokacin ko murfin tukunya ya faɗi sai mata su kwashi yara. Mai unguwa ya zo da kansa ya ce, "Nata'ala, don Allah ka rufa mana asiri. Wani zai ɗauka alama ce ake ba wasu, a zo a buɗe mana wuta." Sai Nata'ala ya cusa tsumma a bakin ƙahon. Daga ranar ba a jin komai sai hucin iska, amma kullum yana tsayawa a wurin, a lokacin. Da rani ya tsananta saiwar ta fara tsagewa, ya kawo mini na naɗe ta da ɗanyar fata. Ya zauna yana kallona kamar ina ɗaure wa ɗansa karaya.

Da aka shiga sabuwar shekara aka yi sulhu, sojojin ƙasashen Afirka suka shigo suka tsaya a mahaɗar hanyoyi. Nata'ala ya sa rigarsa ya tafi jami'a. Ya tarar da ɗakinsu a kulle. Mai gadi ya ce masa an wawashe gidan Malam Gonda, ya kwashi iyalinsa ya koma ƙauyensu wajen Bambari, kuma an ce ba shi da lafiya. Daga nan ya wuce Petebo da ƙafa, yana tambaya har ya samu gidan su Samplis. Babu rufi. Wata tsohuwa, gwaggon yaron, tana zaune a gindin mangwaro. Ta ce Samplis ya haye kogi a kwalekwale zuwa garin Zongo na ƙasar Zayar tun farkon abin, ba ta sake jin labarinsa ba. Ta shiga wani ɗan ɗaki ta jawo ƙaho daga ƙarƙashin gado, ta ce, "Tafi da wannan, ni tsoro yake ba ni. Duk wanda ya shigo bincike sai ya tambaye ni mene ne."

A hanyar dawowa wasu samari masu bindiga da suka rage a wani lungu suka tsayar da shi, ganin dogon abu a tabarma. Suka sa ya kwance, suka ce in ba makami ba ne ya busa su ji. Ya busa.

"Shi ke nan? Yi mana waƙa mana, tsoho."

"Ba ya yi. Muryarsa ke nan."

"Don wannan ka ratso gari?" Suka yi dariya suka ce ya wuce, ya ci gaba da haukarsa.

Bai daddara ba. Ya san unguwannin ɗaliban daga hirarsu, sai ya riƙa bin su, yau Fatima, gobe Boy-Rabe, jibi Miskin. Mutane yake nema. Amma wannan an ce ya koma ƙauye, wancan ya tafi Duwala, wata an yi mata aure an tafi da ita, wani kuma uwarsa ta fashe da kuka da jin sunansa, Nata'ala ya yi mata ta'aziyya ya tashi. A wasu gidajen an riga an hura wuta da ƙahon. A wasu kuma sai a ɗauko a ba shi. Mutum ɗaya kaɗai ya tarar, wani ɗalibin shari'a, shi kuwa ya ce ba zai sake tsayawa layi ɗaya da 'yan kudu ba, ya miƙo ƙahonsa ta taga ya rufe.

Haka ƙahoni suka taru a ɗakin da Kubura take kwana a da. Sun ɗan fi rabin na bangon jami'a. Ya jera su daga ƙarami zuwa babba, ya bar fili a wurin waɗanda babu. Na shiga wata rana na same shi zaune a gabansu. Ya ce, "Ka gani, Idi. Na fita neman mutane, na dawo da itace. Baki kuwa ɗaya gare ni."

Cikin damina faɗa ya sake tashi, wannan karon har bakin unguwarmu. Da ya lafa, masu shanu suka ji tsoron hanya, suka daina kawowa. Rumfunan mahauta suka zama fayau, ƙugiyoyi a rataye babu komai, ko ƙuda ya gudu. Samarin sukan zo da safe don sabo, su zauna a kan teburan suna dara da gardama har yamma.

Wata rana Nata'ala ya ɗauki hayar pusu, keken turawa, ya loda ƙahonin, ya ce in raka shi. Ya durƙusa gaban Sarkin Pawa.

"Ranka ya daɗe, roƙo na zo."

"Ka ga nama a nan? Ni ma wake na ci jiya."

"Ba nama ba. Tun ina yaro nama nake roƙo a rumfar nan. Yau numfashi nake so. Ka ara mini bakin yaranka, ga su nan suna zaman banza."

Sarkin Pawa ya dubi ƙahonin ya kawar da kai. Ya ce shi bai ba da izini ba, bai kuma hana ba. Ɗantala ya riga ya ɗauko ɗaya yana leƙa cikinsa. "Farfesa, in na busa za a ba ni digiri?" Ya busa, abin ya yi wata ƙara kamar jaki ya shaƙe, kowa ya faɗi da dariya. Sai kowa ya ce shi ma a ba shi.

Nata'ala bai san yadda Malam Gonda yake koyarwa da alamomi ba, sai ya yi yadda ya iya. Ya ɗauki rabon kowane ƙaho kamar take. Ya tsaya gaban mahauci ya buga masa a kalangu, ya ce, "Wannan naka ne, ba na kowa ba. Busa mini shi." Wasu rabon ya tuna su sarai, wasu ya yi musu faci da abin da ya ga ya dace, ya kuma faɗa mini haka. Ƙahon Samplis, Ɗantala ya ba, don shi ne mai ƙirji.

Ɗai-ɗai sun iya. Haɗuwar ce ta gagara. Mahauci ya saba da ɗaga murya ya danne na kusa da shi don a zo rumfarsa, to haka suka yi da ƙahonin. Kowa so yake a ji shi. Nata'ala ya yi ta cewa, "Na hagunka kawai za ka saurara!" Ɗantala ya ce, "Baba, na haguna Haris ne. Wa ya taɓa sauraron Haris ya ga daidai?" Sai zagi, sai dariya, sai a koma farko. Masu kantin kusa suka ce yunwa ta taɓa kan mahauta.

Sun kwashi makonni a haka. Sarkin Pawa yana can gefe a kujerarsa, wai ba ruwansa. Ran nan dai ya gaji, ya miƙe ya ce, "Kai, kun ishe ni! Ko sara ƙashi ba a yi haka, kowa da nasa lokacin." Ya ɗauko wuƙa da ƙarfen wasa ta, ya shiga buga musu, kas, kas, kas, ba sauri ba jinkiri. "To ku bi wannan, 'ya'yan banza."

Ina nan zaune ranar, bayan azahar ce, an ɗauke ruwa. Ƙaramin ƙaho ya fara, na biyu ya shiga, na uku. Suka watse. Aka sake. A karo na nawa ban sani ba, sai na ji abin ya canza. Hayaniyar ta tafi, wani abu ya miƙe a tsakiyar rumfar yana zagayawa. Akwai guraben ƙahonin da babu, kana jin su kamar giɓin haƙori, amma waƙa ce, ko ni da ban san ta ba na gane waƙa ce. Su kansu masu busar idanunsu suka fito. Mata masu sayar da ganyen rogo suka tsaya da tallansu a ka.

Ta gangaro daga ƙananan zuwa manyan, ta iso kan Ɗantala, ya busa daidai, ya sauke. Saura Nata'ala. Ƙahon yana bakinsa, amma bai busa ba. Idonsa a rufe, hawaye yana bin gemunsa. Waƙar ta zagayo ta biyu, Ɗantala ya sake sauke masa, ya zungure shi da gwiwar hannu. Shiru. Na bayansa da yake jiran muryarsa ya rikice ya shiga ba daidai ba, na gaba ya bi shi, abin ya rushe gaba ɗaya.

"Haba Farfesa!" in ji Ɗantala. "Mu jahilai mun yi, kai ka ɓata?"

Nata'ala ya buɗe ido kamar wanda aka tasa daga barci. Ya ce, "Ku yi haƙuri, 'ya'yana. Ji nake yi."

Aka ce a sake. Suka sake har la'asar ta yi, ba ta ƙara tsayawa ba. Leɓuna sun gaji, kowa kuma yana ɗokin ya kamo ta, ɗokin ya hana. Aka ce sai gobe. Da asuba kuwa sai ga labari shanu sun iso bakin gari. Kafin rana ta ɗaga rumfuna sun cika da jini da ciniki, ƙahonin suna jingine a bayan tebura, ana tuntuɓe da su. Ɗantala da kansa ya lodo su a pusu ya maido su gida, da tsokar cinya a sama. Ya ce, "In an sake faɗa, Baba, sai mu ƙarasa." Nata'ala ya ce, "Allah ya kiyaye. A bar ta haka."

Na tambaye shi daga baya ko abin yana cin ransa, ya tsare wurinsa wata da watanni, ranar da aka zo gare shi ya bar shi. Ya ce, "Yana ci. Amma da na busa, da hankalina yana kan leɓena. Zagaye biyu na samu, Idi, na ji su tun daga farko har inda nake."

Bai sake tsayawa a tsakar gida bayan la'asar ba. Ya koma bin rumfuna da kalangu. Wani abu ɗaya dai ya canza: waɗanda suka yi busar, idan ya buga wa mutum rabon ƙahonsa, sai ya ɗaga wuƙa ya amsa. Taken ubanninsu kuwa har ya bar kasuwar ba su gane ba.

Malam Gonda bai dawo ba. Samplis ma ba mu ji ɗuriyarsa ba, duk da Nata'ala yakan tambayi masu kawo kaya daga Zongo. Da ƙafafunsa suka fara kumbura, Hanifa ta zo ta tafi da shi Bertoua. Ya roƙi mai motar ya ɗauki ƙahonin, mai motar ya ce babu wuri, ko nasa ɗaya ma ya yi tsawo. Sai ya bar su a jere a ɗakin, ya ce wa ɗan hayar da ya shiga gidan duk wanda ya zo ya ce nasa ne a ba shi, kada a tambaye shi daga wace unguwa yake. A can ya rasu, damina biyu bayan tafiyarsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.